Shaidar Kati a Kan Kansa: Nazari a Kan Zaɓen Memori na Wayar Hannu

A cikin kayan da ake sayarwa a kasuwar waya, da wuya a sami wanda mai saye ke biyan kuɗinsa ido rufe kamar katin memori. Caja idan ta banza ce, kafin a kwana biyu ta nuna hali. Abin sawa a kunne kuwa a gaban mai shago ake gwada shi. Amma memori yana iya shafe watanni yana aiki lafiya lau a ido, alhali tun ranar da aka sa shi ƙarya yake yi. Tushen matsalar guda ɗaya ne, kuma a kansa wannan nazari zai tsaya: waya ba ta auna katin da aka sa mata, tambayarsa kawai take yi. Idan ya ce girmansa giga 128 ne, haka za ta nuna. Idan ya ce ya adana hoton da aka ba shi, ta yarda ta wuce. Kusan duk abin da mai waya ya sani game da katinsa, daga bakin katin ya fito.

Batun ya fi nauyi a wajenmu fiye da ƙasashen da intanet ke da arha da ƙarfi. Inda data ke da tsada, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa, memori shi ne hanyar da fim da waƙa da tafsiri da karatun Alƙur'ani ke bi su isa hannun jama'a. Sana'a guda ta tsaya a kansa, ta masu tura fina-finai da waƙoƙi daga kwamfuta, waɗanda ake gani tun daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano har zuwa kasuwannin ƙauye. Mawaƙin Abzinawan Nijar, Mdou Moctar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, kuma ta memori da tura wa juna a waya waƙoƙin suka zaga yankin Sahara, kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sa ɗaya daga cikinsu a wani kundi da ya fitar a 2011. Abin da ke ɗauke da irin wannan kaya ya cancanci a san yadda yake aiki.

Abin da ke cikin katin

A 1999 kamfanoni uku, SanDisk na Amurka da Toshiba da Matsushita na Japan, suka fito da katin SD, kuma a shekara ta 2000 aka kafa ƙungiyar SD Association domin tsara ƙa'idojinsa. Ƙaramin da ake sa wa waya SanDisk ce ta fito da shi a 2004 da sunan TransFlash, ƙungiyar ta karɓe shi a 2005 ta sa masa suna microSD. Shi ya sa har yau ake ganin harufan TF a jikin ƙananan rediyoyi da sifikun da ake jin wa'azi da su. Kati ɗaya ne. Tsawonsa milimita 15, faɗinsa 11, kaurinsa 1.

Abubuwa biyu ne a cikinsa. Na farko ma'ajiyar kanta, irin wadda ake kira NAND, wadda injiniyan Toshiba, Fujio Masuoka, ya gabatar a 1987. Gurabe ne ƙanana ƙwarai, biliyoyi, kowanne yana riƙe ɗan cajin lantarki, kuma yawan cajin shi ne bayanin da aka adana. Da farko gurbi ɗaya yana da hali biyu kacal, ko da caji ko babu. Neman arha ya sa aka koma cusa bayani mai yawa a gurbi guda, ta yadda dole a bambance matakan caji 8, a wasu ma 16, a wuri ɗaya. Haka girman kati ya yi ta ninkuwa farashi yana sauka. Sai dai tazarar da ke tsakanin mataki da mataki ta ƙuntata, cajin yana zurarewa kaɗan sai karatu ya rikice, kuma kowane gogewa da sake rubutu yana cin jikin gurbin.

Na biyu shi ne kwanturola, wata 'yar mitsitsiyar kwamfuta da ke tsakanin waya da ma'ajiya. Ita ke gyara kurakuran karatu, ita ke ware guraben da suka mutu, ita ke rarraba rubutu don kada wuri ɗaya ya gaji kafin sauran, kuma ita ce ke amsa wa waya duk tambayar da ta yi. A ƙarshen 2013, a wani taron masana kwamfuta a Hamburg ta ƙasar Jamus, Andrew Huang da Sean Cross sun nuna cewa ana iya sauya manhajar da ke tafiyar da kwanturolar wasu katuna. Bayaninsu ya fito da wata gaskiya ta wannan masana'anta: babu ma'ajiyar da ke fitowa daga ma'aikata ba aibi, aikin kwanturola ne ta ɓoye aibin, kuma an bar ƙofar sauya manhajarta a buɗe ne saboda kowane rukunin ma'ajiya yana bukatar nasa saiti. Ƙofar da mai gaskiya ke bi ya gyara kaya, ita maha'inci ke bi ya yi ƙarya.

Girma da dangin kati

Katunan sun kasu dangi-dangi bisa girma. SD na asali ya tsaya a giga 2. SDHC, wanda ya zo a 2006, ya kai giga 32. SDXC na 2009 ya ɗauka daga sama da 32 zuwa tera 2, wato giga 2,000. Akwai SDUC na 2018 wanda a takarda ya kai tera 128, amma bai shafi mai waya ba tukuna. Abin lura shi ne iyakar da ke tsakanin 32 da 64, domin a nan tsarin jera fayil ke sauyawa daga FAT32 zuwa exFAT. Ƙananan wayoyi masu madannai da tsofaffin Android da yawa FAT32 kaɗai suka sani, don haka idan an sa musu katin giga 64 sai su ce ba su gan shi ba, ko su nemi a yi masa fomatin. Katin lafiyarsa ƙalau. Kamfanin Microsoft ne ke da haƙƙin mallakar exFAT, kuma shekaru da dama sai an biya shi lasisi, abin da masu ƙera waya mai arha suka riƙa kauce wa. Sai a 2019 ya buɗe bayanan tsarin ga kowa. FAT32 kuma yana da tasa iyaka, fayil ɗaya ba ya wuce giga 4, shi ya sa doguwar ɗaukar bidiyo kan tsinke ko ta rabu gida-gida.

Akwai wani giɓi da ke jawo rigima a shago ba gaira ba dalili. Kamfani yana ƙirga giga ɗaya a matsayin bait biliyan 1 cif, kwamfutar Windows kuwa da wasu wayoyi suna ƙirgawa da ninkin 1,024. Saboda haka katin giga 64 na gaskiya zai nuna wajen 59, na 128 ya nuna wajen 119, na 32 ya nuna ƙasa kaɗan da 30. Wannan ba cuta ba ce. Abin ban takaici ma, jabun kati yana iya nuna lambar da ta fi ta na gaskiya kyau, tunda wanda ya saita shi ne ya zaɓa masa abin da zai faɗa.

Lambobin gudu

Jikin kati da kwalinsa cike suke da alamomi, kuma wadda aka fi rubutawa da manyan harufa ita ce mafi ƙarancin amfani. Idan an ce gudunsa yana kaiwa megabait 100 ko 150 a daƙiƙa, gudun karatu ake nufi, a mafi kyawun yanayi, sau da yawa da na'urar karanta kati ta kamfanin kansa. Yawancin wayoyi hanyar UHS-I suke da ita, wadda ƙa'idarta ta tsaya a megabait 104, kuma da yawa ba sa ma kaiwa can. Katunan UHS-II masu layi biyu na haƙoran ƙarfe suna kaiwa 312, amma a wayar da ba ta da abin taɓa layi na biyu, kuɗin da aka ƙara ya tafi a banza.

Alamomin da ke ɗauke da alkawari su ne ƙananan. Lamba 10 a cikin harafin C, da U1, da V10, duk magana ɗaya suke yi: rubutu a jere ba zai sauka ƙasa da megabait 10 a daƙiƙa ba. U3 da V30 suna nufin 30. V60 da V90 na manyan kyamarori ne. Lissafi mai sauƙi zai nuna abin da waya ke bukata. Bidiyon 4K a wayoyi da yawa yana cin wajen megabait 350 a minti, wato kusan 6 a daƙiƙa. A takarda ko V10 ya isa. V30 yana ba da sarari ne don lokacin da kati ya cika ko ya fara tsufa. Wanda bukatarsa sauraron karatu da kallon fim ce, wannan duka bai dame shi ba, domin kunna fim ba ya neman ko rabin wannan gudu.

Inda katuna suka fi bambanta da juna wani wuri ne dabam. Manhajojin waya ba sa rubuta dogon abu a jere. Ƙananan bayanai suke ɗauka suna ajiyewa, nan da can, sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Kati yana iya zama gwani a bidiyo ya zama gurgu a wannan aiki. Domin haka aka fito da alamar A1 a 2016, mai alkawarin ƙananan karatu 1,500 da ƙananan rubutu 500 a daƙiƙa, sai A2 a 2017 mai alkawarin 4,000 da 2,000. Sai dai A2 ba ya cika alkawarinsa sai wayar ma ta san dabarun jera umarni da yake amfani da su, kuma wayoyi da yawa ba su sani ba. A irinsu, A2 da A1 tafiyarsu kusan ɗaya. A ganina, ga mai matsakaiciyar waya irin su Tecno da Infinix da itel, ko Samsung na rukunin A, kati mai A1 da V30 ya gama biyan bukata, abin da ya haura haka ado ne.

Duk waɗannan alamomi kuwa fenti ne a jikin roba. Suna da ma'ana ne idan wanda ya buga su yana tsoron zubar da sunansa.

Jabu

Ha'incin memori iri biyu ne, kuma na farko ya fi muni. Ana ɗaukar kati mai giga 8 ko 16, a sauya manhajar kwanturolarsa ta riƙa cewa 128 ne ko 512, a buga masa sunan babban kamfani. Tamkar mudu ne da aka buga wa gindi ya shige ciki, baki yana nan yadda aka san shi, ciki kuwa ya ragu. Muddin abin da aka zuba bai wuce girman katin na gaskiya ba, komai zai tafi daidai. Da zarar an wuce, kwanturolar za ta ci gaba da cewa ta karɓa, amma ko dai ta watsar da sabon, ko ta koma farko ta rubuta shi a kan tsohon. Jerin sunayen fayiloli a wani ɗan wuri dabam yake zaune, don haka mai waya zai ga sunan kowane hoto da girmansa da ranar da aka ɗauke shi. Sai ya taɓa, a ce fayil ya lalace. A wannan hali masu dawo da bayanai ba su da abin yi, domin abin da ba a taɓa rubutawa ba, ko aka rubuta wani a kansa, babu inda za a tono shi.

Wannan jinkiri shi ne jarin maha'inci. Mutumin da ke ɗaukar hoto jefi-jefi yana iya yin rabin shekara bai cika giga 8 ba. Ranar da asiri zai tonu, rasit ya ɓata, mai tallan da ya sayar a tasha ya yi gaba, kuma galibi laifin kan wayar ake ɗora shi, ko a ce bairos ne aka kwaso wajen turi. Bairos ɗin yana faruwa, musamman irin wanda ke ɓoye fayiloli a kwamfutar Windows ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu, amma shi bayanan suna nan, ɓoye su ya yi.

Iri na biyu girmansa gaskiya ne, ingancinsa ne ƙarya. Kamfanonin da ke ƙera ma'ajiyar NAND a duniya ba su da yawa: Samsung da SK hynix a Koriya ta Kudu, Kioxia a Japan, wadda ita ce tsohon sashen Toshiba, SanDisk da Micron a Amurka, sai YMTC a China. Sauran sunayen da ake gani a kasuwa saye suke yi su haɗa, kuma wannan ba aibi ba ne, akwai masu mutunci a cikinsu. Amma abin da ya faɗi gwaji a manyan ma'aikatu ba zubar da shi ake yi duka ba, yana samun masu saye a farashi mai rahusa, ya ƙare a katunan da ba su da suna ko masu sunan aro. Irin wannan zai ci gwajin girma, ya mutu bayan 'yan watanni.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin irin wannan kasuwa a 1970, da misalin motocin hannu. Idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da marar kyau, ba zai yarda ya biya farashin mai kyau ba. Mai kaya na gari ya kasa sayarwa, marar kyau ya cika kasuwa. Haka ake gani a memori: ɗan kasuwar da ya sari na gaskiya yana zaune kusa da wanda ke sayar da "giga 256" a kan kuɗin da bai kai na 32 ba, kuma mai saye yana ganin na farkon ne mai tsawwalawa. Sau da yawa ƙaramin mai shagon ma bai san abin da ke cikin kwalin da ya saro ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da tanadin haƙƙin mayar da kaya idan aibin da ke ɓoye ya bayyana bayan ciniki, kuma memori misali ne na kayan da aibinsa ba ya ganuwa a majalisin ciniki ko da an so.

Farashi shi ne alama ta farko. Katin tera 1 na gaskiya sai a 2019 SanDisk da Micron suka fara sanar da shi, kuma har yau kuɗinsa ya fi na ƙananan wayoyi da yawa. Wanda aka miƙo a kan kuɗin kati mai giga 32 ba ya bukatar bincike. Kyan kwali da hatimi mai ƙyalli ba hujja ba ne, masu jabu sun iya buga su. Manhajojin da ke karanta lambar kamfani daga cikin kati suna kama malalacin maha'inci, amma su ma katin suke tambaya. Fomatin na gaggawa ba ya tona komai. Gwaji ɗaya ne ba ya dogara da bakin katin: a cika shi fal da bayanai, sannan a karanto su a gwada da abin da aka zuba. Aikin da manhajar H2testw ke yi ke nan a Windows, da manhajar F3 a Linux. Yana cin lokaci, domin cika giga 128 a gudun megabait 20 a daƙiƙa yana ɗaukar kusan awa biyu, ban da karantowa. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya kai katin wajen mai turi a cika shi da fina-finai har ya ƙi karɓa, sannan a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, a ja kowanne zuwa ƙarshensa. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi sharaɗin wannan gwaji da mai shago kafin a biya, da rasit mai ɗauke da girman katin. Yadda ya karɓi sharaɗin ma wani bayani ne.

Yadda waya za ta riƙe shi

Kafin saye, a duba abu biyu a wayar: iyakar girman da take karɓa, da irin tiren da take da shi. Wasu tirori gurbi uku ne, layi biyu da memori. Wasu kuwa gurbi na biyu na tarayya ne, ko layi ko memori, abin da ke da tasiri a ƙasar da mutane ke riƙe layi biyu saboda sabis. iPhone bai taɓa karɓar memori ba. Samsung ta cire gurbin a Galaxy S6 a 2015, ta mayar a S7, ta sake cirewa daga S21 a 2021.

Tun daga Android 6.0 na 2015, wasu wayoyi kan tambayi mai su ko a ɗauki katin a matsayin ma'ajiya mai cirewa ko a haɗe shi da ma'ajiyar cikin waya. Zaɓi na biyu yana da daɗin ji ga mai wayar da ta cika, amma yana kulle katin da mabuɗin sirri wanda ke cikin wannan wayar kaɗai. Idan wayar ta mutu, ko aka mayar da ita saitin kamfani, abin da ke katin ya tafi, ko wace kwamfuta aka sa shi. Kuma yana ɗora wa katin irin ƙananan rubuce-rubucen da suka fi gajiyar da shi, ga shi ma'ajiyar cikin waya ta fi shi sauri nesa ba kusa ba. Ga wanda ke cire kati ya kai turi ko ya sa a rediyo, zaɓi na farko ne kaɗai mai yiwuwa. A sani kuma WhatsApp, wanda shi ne ke cika yawancin wayoyi, a ma'ajiyar ciki yake zuba hotuna da bidiyonsa; sayen memori ba ya rage wannan sai mutum ya riƙa kwashewa da hannunsa.

Tsufa

Kati na gaskiya ma yana mutuwa. Cajin da ke guraben yana zurarewa a hankali ko ba a taɓa katin ba, kuma zafi yana hanzarta hakan. An ƙera katunan su yi aiki har a zafin digiri 85, don haka bazarar Sakkwato ko Agadas ba za ta narkar da su ba, amma katin da aka cika da hotunan biki aka jefa a aljihun mota shekara da shekaru yana cikin haɗarin da mai shi bai sani ba. Zare shi ana tsakiyar rubutu, ko mutuwar batir a lokacin, yana iya rikita jerin fayilolin gaba ɗaya. Kyamarar tsaro da ke rubutu dare da rana tana da nata katunan masu juriya, na waya ba ya daɗewa a cikinta.

Katuna da yawa suna da wata alama ta ƙarshe. Idan kwanturola ta ga guraben da ta ajiye na musanya sun ƙare, sai ta hana rubutu ta bar karatu kawai. Mai waya zai goge hoto ya ga ya dawo, ya tura waƙa ya ga ba ta zauna ba, ya yi fomatin ya tarar da komai yana nan. A irin wannan hali mutane sukan yi ta maimaita fomatin ko su nemi mai gyara, alhali katin ba ya gyaruwa. Abin yi a ranar shi ne a kwafe duk abin da ke cikinsa zuwa kwamfuta ko wani katin, a fara da hotuna da takardun da babu su a wani wuri, fina-finai da waƙoƙin da za a iya sake turowa su zo daga baya.